Yadda Na Shafa wa Fiyano Man Kaɗe a Landan

Tun da na dawo daga Landan ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo rumfata a kasuwar Kurmi, kafin ya gama gaisuwa ya jefo tasa: ya sanyin, ya abincin, wai da gaske ne maƙwabci ba ya gaida maƙwabci? Daga nan sai idonsa ya faɗa kan jar fatar da na rataye bayan kujerata, wadda aka huhhuje kamar rariya, ya ce, "Alhaji, wannan kuma ɓera ne ko gara?" Malam Iro mai takalma, da muke jere da shi shekara talatin, ya ji labarin ya fi sau shida, kuma duk sanda zai ba wani sai ya ƙara masa gishiri. A bakinsa har jirgin ƙasa na gyara wa Turawa. Shi ya sa na ce gara in rubuta da kaina, har da wurin da ban kyauta ba.

Ni baduku ne, ɗan baduku. Mahaifina ya ɗinka wa maƙera zugazugai, ya ɗinka kube da gafaka, ni ma a kan haka na tashi. Abin da ya kai ni Landan kuwa 'yata ce, Rabi, wadda take aikin nas a can shekara tara ke nan. Da mahaifiyarta ta rasu, Allah ya jiƙanta, Rabi ba ta nemi komai cikin kayanta ba sai Alƙur'aninta da tsohuwar gafakarsa. Gafakar ta sha hannu, ta yi baƙi, igiyar ratayarta ta tsinke. Na yi wa Rabi alkawari in na zo zan ɗinka mata sabuwa a gabanta. Don haka na ɗauko fatar da na fi ji da ita a duniya: ta ɗan akuya ce, jimar ƙarshe ta yayana Mamman kafin ya kwanta ciwon ajali, ya jeme ta da bagaruwa, ya rine ta da karan dafi. Shekara shida tana naɗe a ƙasan akwatina, na kasa sa mata wuƙa.

Daga Kano zuwa Abuja a mota muka yi, direban kuma ya ɗauka a hanya za mu kamo jirgin. Salati na yi ta yi daga Zariya har Kaduna. A jirgi aka kawo mini abinci a ɗan kwano rufaffe, na buɗe na ga shinkafa cokali huɗu da wata kaza da ba ta taɓa haɗuwa da barkono ba. Alwala a banɗakin jirgi kuwa sai wanda ya gwada. Na fito da rabin babbar rigata a jiƙe, wata Baturiya tana kallona da tausayi.

A filin jirginsu kare ne ya fara tarbata. Ya zo ya zauna gaban akwatina, bai yi haushi ba, ya zauna kawai kamar wanda aka aiko. Aka kai ni wani ɗaki aka buɗe kaya. Kilishin da Malam Iro ya ba ni in kai wa Rabi suka kwashe tas, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi musu bayani da Turancina na kasuwa cewa wannan ya bushe tun tuni, suka ce sun ji, amma a'a. Sai wata ma'aikaciya ta warware jar fatar. Ta shafa, ta sunsuna, ta tambaya ko jemammiya ce, na ce ƙwarai. Ta naɗe ta da kyau ta miƙo mini, wuƙar aikina ma ta duba ta mayar cikin akwati. Sai ɗan gwangwanin man kaɗe da nake shafa wa faso. Ta buɗe, ta yatsine fuska, ta rufe ta ba ni. Da na san abin da man nan zai jawo mini, da na roƙe ta ta riƙe shi ta bar mini kilishin.

Rabi da mijinta Nasiru suna zaune a unguwar Catford, a saman wani gida cikin jerin gidajen da suka manne da juna. Sun kula da ni, ba abin da zan ce sai godiya. Rabi tana tuƙa mini tuwon shinkafa, kuka ma tana da ita a firji, Nasiru kuma ya koya mini hawa bas zuwa masallacin Juma'a, ko da yake ranar farko na gaida duk wanda na wuce har na kai kujerar baya, ba wanda ya amsa sai wata tsohuwa 'yar Gana. Bayan sati ɗaya Rabi ta ce, "Baba, leave ɗina ya ƙare, zan koma shift. Ga remote, ga heater, don Allah ka huta." Ni kuwa hutu ciwo yake sa ni. Na ciro jar fatar sau uku zan fara gafakar, in auna in auna, in mayar. Na ce wa kaina sanyi ne ya hana.

Ran nan ina tsaye a taga sai na hango wani tsohon Bature a bayan gidan da ke maƙwabtaka da mu, ƙofar garejinsa a buɗe. Ya ɗauko wata 'yar fata ya kafa a bakinsa yana tsotsa. Duk inda na ga mutum yana wasa da fata ba na iya wucewa. Na zura takalmi na sauka.

Sunansa Mista Kolin, tsohon makanikin bas ne, ya kusa tamanin. Suna zaune su biyu da yayarsa Morin, wadda ciwo ya kwantar, Rabi ma takan leƙa ta in ta dawo aiki. Ya tambaye ni ko zan sha shayi, na ce a'a na gode, kamar yadda duk mai kunya zai ce da farko. Sai mutumin nan ya yarda! Ya haɗa kofi ɗaya ya shanye a gabana ina kallo, ga sanyi. Daga ranar na koya: a ƙasar nan in an yi maka tayi, ka karɓa tun na farko, babu na biyu.

Ya kai ni falonsu ya nuna mini abin da yake gyarawa. Fiyano ne, wato babban akwatin kiɗa na katako mai haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa, amma wannan shi yake kaɗa kansa. Akwai mataka biyu a ƙasa kamar na keken ɗinki. In kana takawa, zugazugan da ke ciki suna zuƙe iska, wani naɗin takarda mai huji-huji kuma yana warwarewa a kan wani ƙarfe mai ramuka. Duk sanda hujin takarda ya zo kan rami, iska ta shiga siririn tiyo ta je ta kumbura wata 'yar fata zagayayya da ba ta fi bakin kofin shayi ba, ita kuma ta buɗe wa ƙaramin zugazugi hanya, haƙori ya danna kansa. Haƙora tamanin da takwas, 'yan fatu tamanin da takwas, duk sun bushe sun tsattsage saboda tsufa. Tsotsar da na ga yana yi, gwadawa yake ko iska tana ratsa sabuwar fatar. Na yi dariya na ce ashe zugazugin maƙera ne ya zo Turai ya yi karatu. Masu cewa me ya haɗa Alhaji da kayan kiɗa, ni fata na gani tana neman baduku.

Da yamma Rabi ta fassara mini abin da Turancina bai kamo ba. Mahaifiyarsu Kolin, tana budurwa, ta yi aiki a kamfanin da ke huda irin takardun nan, kuma akwai naɗi guda da ita ta zauna ta kaɗa da hannunta aka huda shi daidai yadda ta kaɗa. Fiyanon ya yi shiru shekara arba'in. Likitoci kuma sun gama nasu a kan Morin, an sa ranar da za a kai ta gidan jinyar da ba a cika dawowa daga shi ba, saura sati biyu. Abu ɗaya ta roƙi ƙanenta, ta ji hannun uwarsu kafin ta bar gidan.

Washegari na je da wuƙata. Kolin yana da ilimin abin, amma hannunsa yana rawa, fatar da ya sa aka aiko masa daga wata ƙasa kuma ba ta da rara ko kaɗan. Ya ba ni guntu in gwada. Na yanka masa zagaye ɗaya, ya ɗaga ya duba a haske, ya turo mini sauran duka. Haka muka yi kwana biyar a teburin kicin ɗinsa, kusa da hita, ni ina yanka ina mannawa, shi yana narka gam a 'yar tukunya. Ba mu da yare ɗaya cikakke, amma aiki bai tsaya ba. Da rana yakan gasa mana burodi ya zuba masa wake mai zaƙi a kai. Ranar farko na ci don kara, ranar huɗu har na nemi ƙari.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. In an gama manna fata, sai Kolin ya fasa ƙwai, ya ware farin, ya sa ɗan buroshi ya shafa mata, wai shi ke toshe ƙananan ƙofofin iska. Ni a wurinmu fata mai take sha. Tun ina yaro na san in kana so zugazugi ya yi laushi ya riƙe iska, mai za ka ba shi. Ƙwai kuma na soyawa ne. Na yi shiru saboda gidansa ne, amma a raina na ce Bature bai san fata ba.

Rana ta shida motar asibiti ta zo za ta kai Morin gwaji, Kolin ya bi ta. Ya bar mini makulli da kwanon farin ƙwai da rabin aikin, fatu arba'in da huɗu na ɓangaren sama. Na dubi ƙwan nan, na dubi fatun, na ga kamar ƙishi suke ji. Na haura gida na ɗauko gwangwanina. Ɗaya bayan ɗaya na murza musu man kaɗe da ɗan yatsa, suka yi laushi suna sheƙi, in ka hura sai su tashi kamar suna numfashi. Wallahi alheri na nufa. Na zubar da ƙwan, na wanke kwanon, na ce sai ya ji daɗin aikin tukuna in gaya masa sirrin, ya san Kano ma an san wani abu.

Kwana biyu muka yi muna mayar da kayan cikin fiyano. Falon nan ba a kunna masa hita, sanyinsa kamar cikin randa. Ranar Laraba da safe Kolin ya sa wani naɗin gwaji ya taka. Haƙoran ƙasa suka kama rawa su kaɗai, har na ja da baya na yi a'uziyya. Na sama kuwa ko motsi. Ya sake takawa, shiru. Ya buɗe ya duba tiyo, ya duba ko'ina, sannan ya zauna a kujera ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu. Ya ce, a hankali yadda zan gane, "Ni ne. Na tsufa. Na ɓata wani abu ban sani ba."

Ni kuwa na riga na sani. Da asubar ranar na buɗe gwangwanin zan shafa wa ƙafata na tarar man ya daskare kamar sabulu. A Kano man kaɗe ba ya rasa zafin da zai saki jiki, a falon Kolin kuwa ya sandare, ya sandarar da fatun. Na san haka, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na bar dattijon nan yana zargin hannunsa na koma gida. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta yinin nan ba.

Rabi ta dawo da la'asar ta ga ban taɓa abinci ba. Na gaya mata komai. Ta ce, "Haba Baba. Man faso?" Ta so ta yi dariya, ta ga fuskata ta fasa. "Tashi mu je yanzu. Ni zan yi maka translating, amma kai za ka faɗa."

Na tsaya gaban Kolin na faɗa, ban rage komai ba, har da abin da na ce a raina game da Bature da fata. Ya tashi ya ciro allon da fatun suke manne a kai, ya shafa fata ɗaya ya sunsuna yatsansa. Ya gwada hura musu iska mai zafi da abin busar da gashi, suka yi laushi, amma sai muka ga man ya riga ya ratsa ƙarƙashin gam, gefuna suna ɗagowa. Duk arba'in da huɗun sun tashi aiki. Rabi ta tambaye shi ko za a samo wata fatar, ya ce sai sati uku. Morin kuwa Litinin za a tafi da ita. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "To, aƙalla ba hannuna ba ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Muna hawa bene na ce, "Rabi, akwai fata a gidan nan."

Ta tsaya a kan matakala. "Ta Baffa Mamman?"

"Ita. Amma taki ce, alkawari na yi miki. In an yanka ta, abin da zai rage ba zai yi gafaka ba."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, sannan ta fito da naɗin a hannunta ta ajiye mini a cinya. Ta ce, "Baba, yanka."

Fatar akuya ta yi wa wannan aiki kauri nesa ba kusa ba, dole sai an kankare bayanta har ta zama shara-shara, kuma in wuƙa ta zarce kaɗan ta huje. Mahaifina ya koya mini wannan ina ɗan shekara goma sha biyu, a kan dutse, da ranƙwashi. Na wasa wuƙa na yi bisimilla. Zagaye na farko da na biyu suka yage. Na uku na miƙa wa Kolin, ya ɗaga a taga, haske ya ratso ta ja-ja-ja, ya kafa a baki ya tsotsa, ya sake tsotsa, ya ɗaga gira. Ya ce, "Wa ya jeme wannan?" Na ce yayana. Ya ce, "Ya san aikinsa." Na juya kamar ina neman wani abu a ƙasan tebur, don kada ya ga idona.

Alhamis, Juma'a, Asabar, ba na tashi sai salla. Kolin yana kankare tsohon gam yana goge man daga jikin katako, ni ina fere fata. Da muka zo wurin shafawa, shi ya fasa ƙwan ya miƙo mini buroshin, ya tsaya a kaina har na gama na ƙarshe. Ban ga laifinsa ba.

Lahadi bayan azahar aka turo Morin falo a keken marasa lafiya, an lulluɓe ta da bargo, ba ta fi tsintsiya nauyi ba. Rabi da Nasiru suka zo. Kolin ya ciro naɗin daga kwalinsa, takardar ta yi rawaya, ya saƙala shi da hannu biyu. Ya fara takawa, amma ƙafarsa ba ƙarfi, kiɗan yana tashi yana faɗuwa. Ya miƙe ya nuna mini kujerar. Ni da na yi shekara arba'in ina taka keken ɗinki, wannan ba baƙon abu ba ne. Na cire takalmi na taka.

Haƙoran suka kama aiki, na ƙasa da na sama duka, ba wanda ya maƙale. Ban san kiɗan ba, ba zan ce muku na gane daɗinsa yadda su suka gane ba. Abin da na gani shi ne haƙora suna nutsewa inda yatsun wata mata suka taɓa sauka, ita kuma ta daɗe a ƙasa. Morin ta rufe ido, yatsunta suna motsi a kan bargo. Can tsakiya kiɗan ya ɗan yi gaggawa, na tsorata na ɗauka ni ne. Sai ta buɗe ido ta yi dariya, ta ce wani abu da muryarta da ba ta fita sosai. Rabi ta sunkuyo kunnena tana share hawaye. "Cewa ta yi, nan wurin kullum Mama sai ta yi sauri." Sau huɗu na taka musu shi har cinyata ta yi tsami. Da za a mayar da Morin ɗaki ta riƙe hannuna, ta juya shi tana duba tabon wuƙa da ke jikinsa, ta daɗe ba ta saki ba.

Litinin aka tafi da ita. Ina dawowa Kano da kwana goma sha ɗaya Rabi ta bugo ta ce Morin ta cika. Kolin ya aiko a gaya mini duk Lahadi yana taka fiyanon iya ƙarfinsa, kuma in na sake zuwa zai yi mini tayin shayi sau biyu.

Saura maganar gafaka. Ana gobe zan taso na ce wa Rabi ta yi haƙuri, in na koma zan nemi wata fatar in ɗinka in aiko. Ta ɗauko tsohuwar ta ajiye a gabana, ta nuna mini gefen da ya fi baƙi, inda fatar ta lotsa ta yi santsi.

"Baba, ka san mene ne wannan? Nan Umma take riƙewa kullum da asuba. In na sa hannuna sai ya zauna daidai. Tun da ka ce za ka ɗinka sabuwa nake tunanin yadda zan gaya maka ba na so, na kasa."

Shekara talatin da biyar ina ganin gafakar nan a ɗakina, ni da nake cewa na san fata, ban taɓa lura da wurin ba. Na sa babban yatsana a ciki. Ya yi masa kaɗan.

Daga gefen abin da ya rage na jar fatar na yanko siririn tsiri, na ɗinka wa tsohuwar gafakar sabuwar igiya, ban taɓa komai nata ba bayan wannan. Sauran kuma shi ne kuke gani rataye bayan kujerata. In kun ƙirga za ku sami huji arba'in da shida. Biyun na farko ne da suka yage. Wanda ya zo saye ya yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce.